Ƙasa Ma Tana Jin Yunwa: Takin Gargajiya Da Riƙon Ruwa A Gona

Kowace shekara da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai saƙo ya yi ta zuwa daga gida. Wanda ke Sabo a Badun, da wanda ke Agege ko Idi-Araba a Ikko, da na Shagamu, da na Anacha da Fatakwal, duk magana ɗaya ce ke iske su: damina ta kawo jiki, a aiko da kuɗin taki. Mutum ya ƙuƙuta ya tara ɗan abin da ya samu wajen dako ko gadi ko sayar da goro, ya aika. A sayi buhu biyu ko uku a zuba. Kaka ta yi, sai labari ya zo masa cewa gonar nan da take cika rumbu a zamanin mahaifinsa, bana ko rabinsa ba ta kai ba. Baɗi kuma a ce masa buhu uku ba su isa ba, sai huɗu.

In an zauna hira a zango, wasu su ce takin ne aka gurɓata, wasu su ce ruwa ne ya yi gardama. Duka biyun suna faruwa, babu musu. Amma akwai dalili na uku wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa shi ne babba a gonaki da yawa, watau ita kanta ƙasar ce ta gaji, ta rasa jikin da za ta riƙe ruwa da taki. Zuba kamfa da yuriya a irin wannan gona kamar ɗiban ruwa ne da kwando. A kan wannan al'amari muke so mu yi magana yau, domin ya shafi gonar da muka baro a gida, ya kuma shafi lambun da da yawa daga cikinmu ke yi a nan Kurmi.

Mene ne jikin ƙasa?

Ƙasar noma haɗin gambiza ce. Akwai rairayi, akwai laka mai laushi, akwai yumɓu, sa'an nan akwai wani abu baƙi-baƙi mai laushi wanda yakan saura bayan ganye da kara da saiwoyi da kashin dabbobi sun ruɓe. Wannan ruɓaɓɓen taki shi ne mafi ƙanƙanta a cikin haɗin, amma shi ne ke riƙe da sauran. Ƙananan halittu da ido ba ya gani, da tana, da gara, suna cin sa, suna fitar da wani danƙo wanda ke manne ƙwayoyin ƙasa su zama 'yan dunƙule-dunƙule kamar dambu. Tsakanin dunƙulen nan akwai ƙofofi, manya da ƙanana. Manyan su ne hanyar da ruwan sama ke bi ya shiga ƙasa, iska kuma ta kai ga saiwa. Ƙananan su ne ke ajiye ruwa har shuka ta sha a hankali.

Masana ƙasa sun auna sun ga cewa a yawancin gonakin jigawa na Arewa, wannan ruɓaɓɓen taki bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar sama ba. Ga shi kuwa zafin ƙasarmu yana cinye shi da sauri, saboda haka in ba ana mayarwa ba, kullum raguwa yake yi. Idan ya ƙare sai dunƙulen su warware. Ruwan sama ya bugi ƙasa, ƙwayoyin su toshe ƙofofin, rana ta fito ta busar, sai saman gona ya yi ɓawo kamar daɓe. Daga nan ruwa ba ya shiga, sai dai ya kwarara, ya tafi da ƙasar sama da takin da aka zuba. Ƙarshen irin wannan gona shi ne fako, inda ko ciyawa ba ta fitowa. Wuta-wuta ma, wadda wasu ke kira ƙuduji, a gonar da ta gaji ta fi yin ƙarfi.

Bari mu yi ɗan lissafi don a ga yawan asarar. Ruwan sama na milimita 1 a kan hekta ɗaya, watau kimanin eka biyu da rabi, lita 10,000 ne, durom 50 ke nan na mai lita 200. Ruwan da ya kai milimita 20, wanda ba wani mamako ba ne, durom 1,000 ne a kan hekta guda. In rabinsa ya gudu saboda ɓawon ƙasa, manomi ya yi asarar durom 500 a dare ɗaya, bai kuwa sani ba, shi dai ya ga an yi ruwa ya yi hamdala. Sai ruwa ya ɗauke na kwana goma ko sha biyar bayan shuka, kamar yadda ya saba, nan ne za a ga bambanci. Geron da ke kusa da tsohon turke ko gindin gawo yana nan shar, na tsakiyar gona kuwa ya naɗe ganye.

Kowa na iya gwada ƙasarsa ba tare da malamin gona ba. Ɗebo busasshen ɓurɓushin hoge ɗaya daga tsakiyar gona, ɗaya kuma daga inda dabbobi suka daɗe suna kwana. Saka kowanne a kofin gilashi mai ruwa. Na gajiyayyar ƙasa nan take zai narke, ruwan ya yi duhu, ɗayan kuwa zai daɗe bai watse ba. Ko kuma ka sami gwangwanin madara babba ka fasa gindinsa, ka kafa shi a ƙasa, ka zuba ruwa kofi ɗaya, ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya shige. Yi haka a wurare biyun nan. Gani ya kori ji.

Amma fa a faɗi gaskiya, taki ba ya mai da jigawa fadama. Abin da yake yi shi ne ya buɗe wa ruwa hanya, ya ƙara ɗan abin da ƙasa ke iya riƙewa, musamman ƙasa mai rairayi, ya sa saiwa ta yi nisa ta kai ga laima. 'Yan kwanakin nan da yake ƙara wa shuka na jimiri, sau da yawa su ne tsakanin wanda ya girbe da wanda ya sake shuka.

Na zamani da na gargajiya

Takin zamani ya yaɗu sosai a ƙasar nan bayan farin 1972 zuwa 1974, musamman a ƙarƙashin shirin ciyar da ƙasa na 1976 zamanin Janar Obasanjo, da shirin bunƙasa noma na 1980 zamanin Alhaji Shehu Shagari. A lokacin gwamnati ce ke biyan mafi yawan kuɗinsa, buhu ya yi araha, kuma ɗaukar buhu ɗaya a keke ya fi jigilar mangala goma sauƙi. Saboda haka mutane da yawa suka sassauta da kai taki gona. Arahar nan ta wuce. Ko da yake yanzu ana yin yuriya a Eleme kusa da Fatakwal da kuma Lekki a Ikko, farashin taki ya yi tashin gwauron zabo tun daga 2022, kuma wanda ke aika kuɗi gida ya fi kowa sani.

Kada a ɗauka muna kushe takin zamani. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore. Busasshen kashin shanu kuwa, naitirojin ɗin da ke cikinsa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, watau sai an tara tan ɗaya ko biyu kafin a sami na buhu guda. Ta wajen ƙarfi da saurin aiki, na zamani ne gaba. Sai dai aikinsa ciyar da shuka ne ta shekarar nan, ba ya ƙara wa ƙasa jiki, ba ya riƙe ruwa. Na gargajiya shi ke gina ƙasar, ya kuma kama sinadaran na zamani ya hana ruwa wanke su.

An daɗe da tabbatar da wannan a gida. A Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take, an fara wani gwaji a 1950 wanda aka ci gaba da shi shekaru da dama. Aka yanka fili kashi-kashi, wani ana zuba masa kashin shanu kaɗai, wani takin zamani kaɗai, wani duka biyu, wani kuwa ba a sa masa kome. Da tafiya ta yi nisa sai aka ga filayen da ake ba takin naitirojin zalla sun yi tsami, ruɓaɓɓen takinsu ya ragu, amfaninsu ya fara ja da baya. Waɗanda ake haɗa musu kashin shanu da na zamani kuwa, su suka fi riƙe ƙarfinsu. Darasin a fili yake: a haɗa su, kowanne ya yi aikinsa.

Abin da magabata suka sani

Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano an yi ɗaruruwan shekaru ana noma ta kowace shekara ba hutu, ga yawan jama'a, amma ba ta mutu ba. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi shekaru yana nazarin wannan abin mamaki tun daga wajen 1960. Abin da ya gani shi ne abin da kowane Bakano ya sani: jakuna suna shiga birni da itace da hatsi, suna fitowa da mangalar taki da toka da sharar gida. Akuya da tunkiya suna ɗaure a turke duk damina, ana ba su ciyawa da harawa, kashinsu yana taruwa. Da bazara a kwashe a kai gona a jera tsibi-tsibi. Ana shuka wake da gyaɗa a tsakanin gero da dawa, su kuwa waɗannan saiwarsu tana jawo naitirojin daga iska. Abin da gona ta bayar yana komawa gare ta ta cikin dabba.

Haka kuma akwai tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi. Bayan girbi Bafulatani ya sauka a gona da garkensa, shanu su ci kara, su kwana, su bar taki da fitsari, manomi ya ba da hatsi. Ga kuma gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi tofo da rani, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi.

To, me ya sauya? Jama'a sun ƙaru, gonaki sun ƙanƙance, babu sauran barin gona ta huta. Kara ya zama kuɗi, ana kwashe shi tas don dabbobi da danni da girki. Ragowar da ta saura a tara a cinna mata wuta lokacin sharar gona, alhali wuta tana kore naitirojin ɗin da ke ciki ya bi hayaƙi, toka kawai ta bari. A wurare da yawa zumuncin manomi da makiyayi ya lalace. Majiya ƙarfin da ke jigilar taki da rani kuwa, mu ne nan muke Kurmi. Wannan magana ce mai ɗaci, amma gaskiya ce.

Yadda ake haɗa taki

Kashin dabbobin da aka bari a rana wata da watanni yana asarar ƙarfinsa, ɗanyensa kuma yana ƙona shuka, yana kai irin ciyawa gona. Maganin duka biyu shi ne a ruɓar da shi tare da tarkacen gona.

A Arewa, inda iska ke busar da abu da sauri, rami ya fi. A haƙa shi a inuwa, zurfinsa kamar ƙafa uku, faɗi ƙafa huɗu ko biyar, tsawo gwargwadon kayan da ake da su. A shimfiɗa guntayen kara a ƙasa don iska ta riƙa shiga. Sa'an nan a zuba busassun kaya kamar ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da ɓuntun shinkafa, da busasshen ganye, kaurin taƙi ɗaya. A bi da ɗanyen ganye ko ciyawa ko ɓawon kayan miya, sai kashin dabbobi da ƙasar turke wadda ta sha fitsari, kaurin yatsa huɗu. A barbaɗa 'yar toka da 'yar ƙasar gona, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa hawa-hawa har rami ya cika ya yi tozo, a rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma. Busassun kaya su ninka ɗanyu kamar sau biyu.

Ruwan kada ya yi yawa. In ka damƙi takin ka matse, ya jiƙa maka hannu amma kada ya zuba. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu a zaro ta a taɓa: in ta yi zafi, aiki yana tafiya. Zafin nan yakan kai digiri 55 zuwa 65, shi ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In sandar ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In tana wari kamar masai, ruwa ya yi yawa, sai a juya a ƙara busasshen abu. A riƙa juyawa kowane mako biyu ko uku, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai nuna, ya yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa.

Ba a buƙatar ruwan sha don wannan aiki, ruwan wanke-wanke da na wanke hatsi ya isa, in dai ba mai yawan sabulu ba ne. Leda, da kwalba, da tsohon batir, a tsince su a fitar. Toka kuma kada a haɗa ta da yuriya ko ɗanyen kashin kaji, domin tana sa naitirojin ya tashi ya bi iska.

Malaman gona sukan ba da shawarar a sa kimanin tan 5 a hekta, watau nauyin buhu 100 na takin zamani. Ba kowa ke da wannan ba. Wanda nasa bai kai ba, kada ya watsa shi sama-sama a gona duka. Ya raba gonar uku, bana ya ƙosar da kashi ɗaya, baɗi na biyu, haka har ya zagayo, domin amfanin taki yakan kai shekara biyu ko uku. Kuma a rufe shi da ƙasa wajen huɗa, kada a bar shi a rana.

Tassa da murfin kwalba

Maƙwabtanmu na Nijar da Burkina Faso, waɗanda ruwansu bai kai namu ba, sun gano hanyar da ɗan taki kaɗan zai yi aiki mai yawa. A lardin Yatenga na Burkina Faso, wani manomi mai suna Yakubu Sawadogo ya farfaɗo da tsohuwar dabarar haƙa ramukan shuka wajen 1980, ya faɗaɗa ramin, ya riƙa zuba taki a ciki tun da rani. Da haka ya mai da fako ya zama gona da kurmin itatuwa, har aka ba shi wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin a 2018. Ya rasu a 2023. A 1989 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa a Nijar suka je Yatenga suka gani da idonsu, suka komo suka yi ta yi. A can ana kiran ramukan tassa.

Ga yadda ake yi. Da rani a haƙa rami faɗinsa kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, zurfi kamar rabin ƙafa, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare don ta tare ruwa. Tsakanin rami da rami taku ɗaya babba. A zuba taki cikin tafi biyu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasar da hanyoyinta, ruwan farko ya taru a ramin ya shige ta nan. Sai a shuka gero ko dawa a ciki. In tazarar mita ɗaya ce, hekta za ta ci rami 10,000, in kowanne ya sami giram 300, tan 3 ke nan, kuma duk a gindin shuka. Aiki ne mai wuya, amma da rani ake yinsa, lokacin da babu aikin gona. A lura, tassa ta ƙasa mai tauri ce a inda ruwa ke ƙaranci, irin arewacin Sakkwato da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno. Ba ta dace da tsabar rairayi ba, ba ta kuma dace da inda ruwa ke kwanciya ba.

Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun ƙara wata dabara a kai: maimakon watsa kamfa, a sa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, kimanin giram 6, a kowane gindi. Rami 10,000 zai ci kilo 60, buhu ɗaya da ɗan ɗori. Su ma sun ja kunne cewa a haɗa da takin gargajiya, in ba haka ba ƙasar za ta ci gaba da ramewa. A jihohin Maradi da Damagaram kuma, tun daga 1983 zuwa 1984 manoma suka koma barin tohon itatuwa a gona suna gyara shi maimakon sarewa, har aka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta wajen miliyan 5. Itatuwan suna tare iska, ganyensu yana komawa ƙasa.

Masu lambu a Kurmi

Yanzu mu juyo ga 'yan'uwa masu noman alayyafo da latas da albasa mai lawashi da ugu a bakin rafuka da filayen bayan gari a Ikko da Badun da sauran garuruwan Kudu. Matsalarku daban ce da ta gida. Kano takan sami ruwa milimita 700 zuwa 900 a shekara, Ikko kuwa ya haura 1,500, Fatakwal ya haura 2,000. Ruwa mai yawa yana wanke sinadarai ya kai su ƙasa can inda saiwa ba ta kaiwa, yana sa ƙasa tsami, yana zaizaye ta. Wanda ya taɓa ganin kwazazzaban Agulu da Nanka a jihar Anambra ya san abin da ruwa ke yi wa ƙasar da ba ta da sutura. Sa'an nan da rani ya zo, ƙasar nan mai rairayi ta bakin ruwa ba ta riƙe ban-ruwa, safe da yamma kana jan bokiti ko kana ƙona man inji.

Babban magani a nan shi ne lulluɓe ƙasa. A cibiyar binciken noma ta IITA da ke Badun, wadda aka kafa a 1967, wani masani ɗan Indiya, Rattan Lal, ya yi shekara 17 daga 1970 yana auna ruwa da ƙasar da ke gudu daga gonaki masu gangare. Ya nuna cewa shimfiɗa ragowar amfanin gona tan 4 zuwa 6 a hekta yana rage gudun ruwa da zaizaya ƙwarai da gaske, yana kuma sanyaya ƙasa, tana ta yawaita. A 2020 aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya. Ma'anar wannan ga mai lambu ita ce, kada ka bar fangalinka tsirara. Busasshiyar ciyawa wadda ba ta yi 'ya'ya ba, da ganyen ayaba, da ɓawon masara, shimfiɗa su kaurin yatsa uku, ka ɗan janye daga jikin shuka don kada ta ruɓe. Za ka ga ban-ruwa ya ragu, ciyawa ma ta ragu.

Kayan taki kuwa, a nan Kurmi zube suke, yawanci ma a hannun mutanenmu. Ga kashin shanu da tumbi a Kara ta bakin kogin Ogun, da mayankar Oko-Oba a Agege, da kasuwar shanu ta Akinyele a Badun, da ta Lokpanta a jihar Abiya. Ga ruɓaɓɓen kayan gwari a kasuwar Mil 12. Ga gidajen kaji birjik a jihohin Ogun da Oyo, kashin kaji kuwa ya fi na shanu ƙarfi nesa. Ga garin katako a wuraren yankan katako. Sai dai a nan ba a haƙa rami da damina, don zai cika da ruwa. A tara shi tsibi a kan tudu, a yi masa rumfa ko a rufe shi.

Akwai abubuwa huɗu da za a kiyaye. Na ɗaya, garin katako zalla in an cuɗa shi da ƙasa yana ƙwace naitirojin daga shuka ta yi rawaya, sai an haɗa shi da kashin kaji ya ruɓe tukuna. Na biyu, ɗanyen kashi yana ɗauke da cutar ciki, latas da kabeji da karas kuwa ɗanyu ake cinsu. In ba ruɓaɓɓe ba ne, a bar wata uku zuwa huɗu tsakanin zuba shi da cire amfani. Na uku, takin juji na cikin birni da ke kusa da gareji ko masana'anta ko inda ake ƙona tayoyi da batura yana iya ƙunsar dalma da wasu dafi, ganye kuma yana shan su, saboda haka a guje shi. Na huɗu, a wanke hannu da sabulu bayan aiki, mai rauni a ƙafa kuma ya sa takalmi.

Wani zai ce, fili ba nawa ba ne, gobe ana iya tashi na a yi gini, don me zan gyara wa wani ƙasa? Amsa ita ce kayan lambu kwana talatin zuwa sittin ne, amfanin lulluɓi da ruɓaɓɓen taki kuwa tun a zagaye na farko ko na biyu za ka gan shi a kuɗin mai da kuɗin taki.

Saƙon da za a aika gida

Kuɗin da ake aikawa a watan Yuni ya makara ga wannan aiki. Lokacinsa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da kara da ƙaiƙayi suke zube, yara kuma ba su da aiki. Saboda haka in za ka aika, raba kuɗin biyu. Kashi ɗaya ya tafi da wuri: a haƙa ramin taki a bayan gida, a sayi tunkiya ko akuya biyu a ɗaure a turke a riƙa zuba musu ƙaiƙayi a ƙarƙashi ya sha fitsari, a biya 'yan ƙodago su haƙa tassa a inda ya yi fako, a biya mai amalanke ya kai taki gona kafin ruwa ya sauka. Kashi na biyu shi ne na kamfa da yuriya in damina ta tsaya, a sa a gindin shuka a rufe da ƙasa.

Ka kuma roƙi na gida abu uku: su daina ƙona sharar gona, su bar ko da sulusin kara a kwance a inda ƙasa ta fi gajiya, su bar tohon gawo da sauran itatuwa masu amfani su tashi. In gonar haya ce ko ta aro, a yi magana da mai ita a gaban shaidu a kan shekara uku ko fiye, don kada ka gyara wani ya karɓe. Wanda ke komawa gida da kansa kowace damina, ya yi ƙoƙari ya riga ruwa isa da ko mako uku.

Ba a shekara ɗaya ƙasa ta gaji ba, ba kuma a shekara ɗaya za ta farfaɗo ba. Bana za ka ga bambanci a kashin da ka ƙosar, shekara uku ko huɗu ka gan shi a gona duka. Yawancinmu da ke nan Kurmi muna da niyyar komawa wata rana, in ƙarfi ya ƙare, kuma gonar nan ita za mu tarar, ita kuma za mu bar wa 'ya'yanmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.